Maganaɗisun da aka ba mu kyauta a Sakkwato, muka ce a bar shi

Saƙon ya shigo wayar shugaban sashenmu ana tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 tun kafin azahar. Wani tsohon ɗalibinmu ne, yana aiki a wata jami'a a Turai. Ya ce sashensu ya sayi sabuwar na'urar NMR, wadda ke gane ginin sinadarai da babban maganaɗisu, za su sauke tsohuwar mai megahaz 400, shi kuma ya roƙa an yarda a ba mu ita kyauta. Namu kawai kuɗin ɗauko ta. Kafin la'asar labari ya zagaye ofisoshi, har wani ya ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Aka kafa kwamitin mutum biyar. Ni ne ƙarami a ciki, ni kuma aka ba alƙalami saboda ni ke kula da ɗakin gwaje-gwaje. Bayan mako shida muka rubuta wa bawan Allahn nan wasiƙar godiya, muka ce ba za mu karɓa ba. Har yau akwai masu gaishe ni sama-sama saboda wannan wasiƙa.

Ba rashin buƙata ya sa muka ƙi ba. A lokacin muna da wata ɗalibar digiri na biyu da ke aiki a kan bagaruwa. 'Yar gidan majema ce, ta tashi tana ganin ana daka 'ya'yan bagaruwa ana jiƙa fatar jar akuya a ruwansu, irin fatar nan ta Sakkwato da ayari ya daɗe yana ƙetara Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Tana son ta san ainihin sinadaran da ke yin wannan aiki. Ta shanya, ta niƙa, ta jiƙa garin a metanol, ta tace, ta yi wata huɗu tana ɗiga ruwan ta doguwar kwalbar rarrabewa, har ta fitar da kashi biyu. Na farko farin gari ne, miligiram 6, wato kamar nauyin ƙwayar gero guda. Na biyu jaja-jaja ne mai danƙo. Daga nan aiki ya cije, domin ba a raɗa wa sinadari suna da ido, kuma babu mujallar ƙwarai da za ta karɓi "muna kyautata zaton kaza ne". Sai an kai shi NMR. Mu kuwa ba mu da ita. Ta riga ta aika farin garin wata jami'a a wajen ƙasar nan ta hannun wani mai tafiya, tana jira.

Yadda na'urar ke aiki ba shi da wuyar faɗa. Kowace ƙwayar haidirojin tana da ɗan maganaɗisu a cibiyarta. Idan aka saka ta a cikin babban maganaɗisu sai ta riƙa juyi kamar katantanwar yara, kuma saurin juyin ya danganta da ƙarfin babban: megahaz 42.58, wato juyi miliyan 42.58 a daƙiƙa, ga kowace tesla ɗaya, ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. Sai a buga mata igiyar rediyo mai wannan sauri, ta amsa, a saurari amsar. A maganaɗisu mai tesla 2.35 haidirojin na amsawa a megahaz 100, daidai inda kake kama tashoshin FM. Abin da ya sa wannan ya zama kayan aikin masu ilimin sinadarai shi ne, haidirojin da ke maƙwabtaka da iskar shaƙa ba ya amsawa da murya ɗaya da wanda ke zaune a zoben kabon. Bambancin ƙanƙane ne, kashi kaɗan cikin miliyan, shi ya sa ake auna shi da ma'aunin da ake kira ppm. Daga waɗannan muryoyi ake gane wa ke zaune kusa da wa. Felix Bloch da Edward Purcell suka fara jin wannan amsa a cikin ruwa da daskararren abu a Amurka, suka buga sakamakonsu a 1946, aka ba su kyautar Nobel a 1952. Richard Ernst na Suwizalan ya samu tasa a 1991 saboda hanyar da ta sa ake jin dukkan muryoyin a bugu ɗaya. Na'urar MRI ta asibiti 'yar gidan ce, sai dai ita yawanci tesla 1.5 ce ko 3.

Wadda aka yi mana tayi tesla 9.4 ce, shi ya sa haidirojin ke amsawa a megahaz 400 a cikinta. Ƙarfin ya ninka na maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas, wajen sau 200,000. Wanda ya taɓa ciro maganaɗisun lasifikar tsohuwar rediyo yana tsintar ƙusa a cikin rairayi, to ya manta da wannan. Tsofaffin irinta, waɗanda ba a yi musu garkuwa ba, suna fizgar sufana daga hannun mutum, suna janyo tukunyar gas ta ƙarfe, kuma mai na'urar daidaita bugun zuciya ba ya kusantar su.

A zamanmu na farko kowa maganar wuta yake yi. Wani ya ce a ja layi na musamman, wani ya ce sola da batura, wani ya ce janareta biyu. Mun kwashe awa biyu a kan wannan. Sai da na karanta takardun na'urar da daddare na gane mun ɗauko maganar ta wutsiya. Maganaɗisun ba ya shan wuta ko kaɗan.

A cikinsa akwai waya mai tsawon kilomitoci, ta niyobiyom da taitaniyom, an naɗe ta kamar zare a mazari. Idan aka sanyaya wannan waya ƙwarai, sai ta daina yi wa lantarki turjiya gaba ɗaya. Heike Kamerlingh Onnes ya gano haka a Laidin ta ƙasar Holan a 1911, shekara uku bayan ya zama mutum na farko da ya mayar da iskar hiliyom ruwa. Ranar da ake kafa na'urar injiniya zai ɗura wa wayar lantarki, ya rufe zagayen, ya zare igiyarsa ya koma gida. Lantarkin nan zai ci gaba da zagayawa shekara da shekaru ba tare da an ƙara masa komai ba. A ɗauke wuta sati guda, maganaɗisu yana nan daram. Kwamfuta da akwatin rediyon da na'urar sanyaya ɗaki su ne masu son wuta, kuma su ko sun mutu ana tayar da su.

Sharaɗin ɗaya ne: wayar ta kasance nutse a cikin ruwan hiliyom, mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Don haka maganaɗisun fulas ne a cikin fulas. Can ciki tukunyar hiliyom, sai fili da aka zuƙe wa iska, sai rigar ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili, sai wani filin, sannan ƙarfen da kake gani daga waje. Duk da wannan, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Hiliyom na tsiyayewa dare da rana. Zafin wat ɗaya tak, wanda bai kai na ƙaramar tocila ba, yana ƙafar da kusan lita 1.4 a awa guda. Naitirojin ana ƙara shi duk mako ko mako biyu. Hiliyom kuwa, tsofaffin na'urori irin wannan na neman sa bayan 'yan watanni, sababbin suna iya kai shekara.

Idan aka makara har saman wayar ya fito daga ruwa, wurin zai ɗumama, turjiya ta dawo, turjiyar ta haifar da zafi, zafin ya kama sauran wayar. Cikin ɗan lokaci duk ƙarfin da ke ajiye ya koma zafi, hiliyom ɗin ya tafasa ya fito da ƙugi da farin hayaƙi. Lita ɗaya ta ruwan tana zama fiye da lita 700 ta iska, tana iya korar iskar shaƙa daga ɗaki. Masu aikin suna ce wa wannan kwenci. Wani lokaci wayar na tsira, wani lokaci ta lalace. Ko ta tsira, tayar da shi na buƙatar injiniya daga waje da hiliyom mai yawa fiye da na ƙari.

Da na kawo wannan a zama na biyu, babban farfesanmu, wanda ya koyar da kusan duk wanda ke ɗakin, ya cire tabarau ya dube ni. "To, Malam, mi ka hana mu sayen hiliyom ɗin? Ba kuɗi ba ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗi ne, amma ba kuɗi kaɗai ba."

Naitirojin ba abin damuwa ba ne sosai. Daga iskar da muke shaƙa ake tatso shi, likitocin dabbobi ma suna amfani da shi wajen ajiye maniyyin bijimai, kuma akwai ƙaramin injin da ke yin sa a wuri. Hiliyom ba haka yake ba. Ba a haɗa shi a masana'anta. Daga wasu rijiyoyin gas ake ware shi, kuma ƙasashe ƙalilan ne ke riƙe da kasuwar: Amurka, Katar, Aljeriya, Rasha. An gano mai yawa a yankin Rukwa na Tanzaniya a 2016, amma ganowa daban, kaiwa kasuwa daban. Lokacin da maƙwabtan Katar suka rufe mata iyaka a 2017, masana'antunta na hiliyom sun tsaya na wani lokaci, duniya ta ji a jikinta. A 2022 an sake shiga ƙarancin, bayan gobara a sabuwar masana'antar Amur ta Rasha da kuma tsayawar wata a Amurka. Jami'o'i masu kuɗi a Turai da Amurka sun sha rabon kwano a lokacin, wasu har sun kashe maganaɗisunsu da hannunsu don kada ya mutu da kansa. In an zo rabo, asibitoci masu MRI ake fara ba. Ina ga mu.

Sannan hanya. Tulun hiliyom zai sauka Legas, ya jira kwastan, ya hau mota ya yi wajen kilomita 1,000 kafin ya iso Sakkwato, a tsaye, ba a kwantar da shi ba. Tulun kansa yana zubar da kusan kashi ɗaya cikin ɗari kowace rana ko yana zaune wuri ɗaya, balle ana girgiza shi a ramukan hanya. Wani kaso kuma yana tafiya wajen sanyaya bututun ɗurawa. Ka biya kuɗin cikakken tulu da dala, abin da zai shiga maganaɗisu bai kai haka ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsarin kuɗinmu. Kuɗin sayen kaya yana iya samuwa, domin kaya ana ganinsu, ana yanka musu ƙyalle, ana ɗaukar hoto. Kuɗin ci da kaya kuwa sai takarda ta bi ofis bayan ofis, wani lokaci ta kwana wata uku a kan tebur ɗaya, wani lokaci a shiga yajin aiki a kulle ƙofa. Man janareta na iya jiran sa hannu. Hiliyom ba ya jira. Na ce wa kwamiti abin da aka ba mu doki ne, kuma duk wanda ya tashi a garin nan ya san ba ranar da aka ba ka doki ake gane ko ka isa ba, sai rani ya yi tsawo harawa ta yi tsada.

Har "kuɗin ɗauko ta" da aka ce shi kaɗai ne namu, da muka warware shi sai ya zama wani abu. Ba a ɗaga maganaɗisu da ƙarfinsa. Sai an sauke lantarkin, an ɗumama shi, an ɗaure kayan cikinsa don kada su karye a hanya. In ya iso a sake zuƙe iskar, a sanyaya da naitirojin, a sanyaya da hiliyom, a ɗura lantarki, a daidaita ƙarfin maganaɗisun har ya zama bai ɗaya a faɗin 'yar kwalbar gwaji mai kaurin milimita 5. Kuma babu mai ba ka tabbacin cewa tsohon maganaɗisu zai sake tashi bayan irin wannan tafiya. Ɗakin ma sai an gina: ƙasa marar girgiza, rufi mai tsawo don a iya zura bututun ɗurawa, sanyi marar hawa da sauka, busasshiyar iska mai tsabta. Wanda ya ga yadda ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwatin da aka kulle ya san wannan na ƙarshen ba wasa ba ne.

Farfesa bai sauka ba, kuma ban ga laifinsa ba. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya ce shekara nawa muna yaye ɗalibai suna amsa tambayoyin NMR a jarrabawa alhali ba su taɓa ganin na'urar ba. Ya ce muna aika sinadaranmu waje, mai na'ura ya danna maɓalli na minti goma, sunansa ya hau takardar da ɗalibarmu ta yi wa wata huɗu. Wani samfurin ya ɓace a hanya, wani ya lalace da zafi. "Wanga abu," in ji shi, "in ba mu fara ba, yaushe za mu iya? Su da sunka iya, da tsoro sunka fara?"

Da na kawo batun ƙaramar na'urar kan tebur, mai megahaz 60 ko 80, wadda ke aiki da maganaɗisun dindindin irin na niyodimiyom, ba hiliyom ba naitirojin, sai ya yi tsaki ya ce abin wasan yara ne. Nan ma yana da rabin gaskiya, kuma rabin nan shi ne dalilin da ya sa duniya ke tseren gina manyan maganaɗisai.

A na'ura mai megahaz 60, ppm ɗaya yana da faɗin haz 60, wato juyi 60 a daƙiƙa. A mai 400, faɗinsa haz 400 ne. Amma tsagewar da muryar haidirojin ke yi saboda maƙwabcinsa, wajen haz 7 ko 8, ba ta canzawa. Kamar sahun salla ne: jama'a ɗaya ce, amma a ƙaramin masallacin unguwa kafaɗa na hawa kafaɗa, a filin idi kuwa kana iya ƙirga kowa. Ga kuma ƙarfin ji. A lissafi, mai 400 ta fi mai 60 jin murya kusan sau 17, kuma don ƙaramar ta cike wannan giɓi sai ta ninka lokacin saurare kusan sau 300. Abin ya fi tsanani idan kabon ake saurare, domin irin da ke amsawa kashi 1.1 ne kawai cikin ɗari. Wannan ne ya sa aka ƙara wa wayar niyobiyom da taitaniyom wata ta niyobiyom da kuza, mai jure ƙarfi fiye da ita, har aka kafa mai gigahaz 1, wato megahaz 1,000, tesla 23.5, a Liyon ta Faransa a 2009. A 2020 kamfanin Bruker ya kafa mai gigahaz 1.2, tesla 28.2, a Fulorens ta Italiya, da sabuwar irin waya mai jure ƙarfin maganaɗisun da tsofaffin ba sa jurewa. Masu nazarin surar furotin, aikin da ya ba Kurt Wüthrich kyautar Nobel a 2002, su ke buƙatar waɗannan, domin suna sauraren dubban muryoyi a lokaci guda.

Tambayar da ta rage ita ce, mu muryoyi nawa muke saurare?

Muna cikin wannan ja-in-ja sakamakon ɗalibar ya iso, bayan wata uku da aikawa. Ta shigo ofis da takardar a hannu, ta durƙusa ta gaida Farfesa. Ya ce, "Taso, ɗiyata, mu ga abin da anka aiko." Aka shimfiɗa takardar a tebur. Ban da alamun ruwan da aka narka garin a ciki, tsini biyu ne kacal, wato muryoyi biyu. Ɗaya a wajen ppm 7.0, na haidirojin biyu. Ɗaya a wajen 3.8, na haidirojin uku. Takardar kabon ta nuna layi shida. Farfesa bai yi minti ɗaya ba ya ce metil galet ne, wato galik asid da metil manne a jikinsa, sinadarin da an riga an san yana cikin bagaruwa. Ya ƙara da cewa tunda da metanol ta jiƙa, sai ta sake da asiton, don a tabbatar ba ruwan jiƙon ne ya manna wa galik asid wannan metil ɗin ba.

Na ɗauki biro na yi lissafi a gefen takardar. Tsakanin tsinin biyu akwai ppm 3.2. A ƙaramar na'ura mai 60, wannan ya kai haz 190, fili fetal. Miligiram 6 ya ishe ta ta ji haidirojin. Abin da yarinyar nan ta jira wata uku, da ta gani kafin shayinta ya huce, da ta sake jiƙon tun a makon. Farfesa ya dubi lissafin bai ce komai ba. Can ya nuna ɗaya kwalbar, mai jan danƙo, ya ce, "Wannan fa?"

Wannan kam ƙaramar ba za ta iya ba, na kuma faɗa masa haka. Idan dangin katekin ne, wani sinadarin tsirrai, kamar yadda gwajin farko ya nuna, haidirojin da yawa za su cunkushe tsakanin 6.7 da 7.1. A mai 60 wannan wuri haz 24 ne kawai, tsagewa ɗaya ta cinye kashi ɗaya cikin uku. A mai 400 haz 160 ne. Dole sai babba.

Da na koma na duba ayyukan ɗalibanmu na 'yan shekarun baya, na ga yawancin tambayoyin da suke kai wa NMR irin ta farin garin ne: shin abin nan ya tsarkaka, shin haɗin ya yiwu, shin sananne ne ko sabo. Kaɗan ne irin na jan danƙon. Mun daɗe muna aika duka biyun waje saboda ba mu da hanyar tantance su. A ganina babban maganaɗisu ya dace da yankin nan, amma guda ɗaya, a wuri ɗaya da jami'o'in Sakkwato da Kabi da Zamfara da Katsina za su riƙa kai samfuri, sabo mai daɗewa bai nemi ƙari ba, da ma'aikaci wanda ba shi da wani aiki sai shi, da yarjejeniyar hiliyom ta shekaru da aka biya kafin a buɗe akwati. Sashe ɗaya da tsohon maganaɗisu da fatan alheri ba zai kai ko'ina ba.

Aka kaɗa ƙuri'a, uku da biyu. Rahoton ya ce a gode wa mai kyauta, a nemi ƙaramar na'ura mai megahaz 80 da sola da batura, domin ita kam tana son wuta ba yankewa, maganaɗisunta na canzawa da zafi, in ta huce sai ta ɗauki awanni kafin ta daidaita. Farfesa ya sa hannu, amma ya rubuta a ƙasan sunansa cewa bai gamsu ba. Tsohon ɗalibin namu ya amsa da layi biyu, ya ce ya fahimta. Daga baya muka ji sun ɗumama maganaɗisun sun fitar da shi daga ginin.

Takardar neman ƙaramar na'urar tana ofis na uku yanzu. Ɗalibar ta sake jiƙon da asiton, ta fara ɗigawa daga farko. Jan danƙon na raba shi biyu da kaina: rabi yana cikin firij ɗin ofishina, rabi na naɗe da auduga da takardar azurfa na saka a gwangwanin madara, yana jiran wani malami da zai tafi taro waje bayan salla.